Ranar da Na Fassara Warin Bakina a Gaban Alƙali

A shekarar 2008 ni tafinta ne a wata kotu a Lafiya. Ina zaune a Akurba da iyalina, amma a Doma aka haife ni, don haka ina jin Alago kamar yadda nake jin Hausa da Turanci. Bakina shi ne jarina, kuma ina ji da shi. Da na faɗo daga babur a hanyar gida haƙorina na gaba ya fita, wata biyu na yi ina magana hannu a baki, har yayana da ke aiki a Abuja ya kai ni wurin wani likita mai dashen haƙori. Likitan ya ce abin kashi uku ne: ƙarfen da ake kafawa cikin ƙashi, da ɗan mahaɗin da ake ɗaurewa a kansa, sai haƙorin a sama. Bayan an gama ya ja kunnena in riƙa zuwa ana dubawa, kuma kada in ciji abu mai tauri da shi. Na ce to, ban sake komawa ba. Har rake nake ɓarewa da shi a gaban abokai don su ga ƙarfinsa.

Bayan kamar shekara na fara jin wani ɗanɗano marar daɗi duk lokacin da na tauna abu, dasashin wurin kuma yana ɗan jini. Maiɗakina ce ta fara gaya mini, cikin ladabi, cewa bakina ya canza. Na yi mata faɗa, na ce ni da nake goge baki sau uku a rana. Na koma tauna kanumfari ina ganin na rufa wa kaina asiri.

Rannan aka kawo shari'ar gona. Mai ƙara wata tsohuwa ce daga wajen Adogi, mijinta ya rasu, danginsa na neman ƙwace gonar doyar da take ci da jikokinta. Ba ta ji sosai, sai na sunkuya kusa da ita nake faɗa mata tambaya. Duk sanda na matso sai ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce kotu ta lura, mai gaskiya ba ya ɓoye fuska. Alƙali ya ce in tambaye ta dalili. Na tambaye ta. Ta dube ni da tausayi, ta ce da harshen Alago, “Ɗana, ba tambayar nake gudu ba. Bakinka ne yake wari.”

Alƙali ba ya jin Alago, lauyoyin ma haka. Da na ce kanta ke ciwo, da an wuce wurin. Amma na san in na yi haka, zargin da aka jefa mata zai zauna, gonar kuma na iya tafiya da shi. Na miƙe tsaye na ce, “Ranka ya daɗe, ta ce ba tambayar take gudu ba, bakin tafinta ne yake wari.” Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Alƙali bai yi dariya ba. Ya tsawatar, ya ce in ja baya in ɗaga murya. Tsohuwar ta sauke mayafinta ta amsa kowace tambaya tana kallon lauyan ido cikin ido. Daga baya kotu ta bar mata gonarta.

A makon da abin ya faru na nufi Abuja. Da likitan ya kwance haƙorin, ni kaina sai da na toshe hanci. Ya nuna mini cewa mahaɗin ya yi sako-sako saboda cije-cijena, wata 'yar kafa da ido ba ya gani ta buɗe tsakaninsa da ƙarfen. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su taru a ciki, in na tauna su fito cikin dasashi. Ya ce buroshi ba ya kaiwa wurin, kuma ƙashin ya fara cinyewa. Da na ƙara jinkiri, da dashen gaba ɗaya za a cire. Ya wanke, ya canza mahaɗin, ya ɗaure. Da na dawo gida na ba maiɗakina haƙuri.

Na yi nadamar taurin kaina, amma a duk shekarun aikina babu fassarar da nake alfahari da ita kamar wannan. 'Yan'uwa masu karatu, duk wanda aka yi wa dashe ya riƙa komawa wurin likita ko ba ya jin ciwo, domin nawa bai taɓa yi mini ciwo ba. In kuma na gida ya gaya maka aibinka a ɗaki, ka saurare shi. Ni da na ƙi, a gaban kotu na faɗe shi da bakina.