Dutsen da Sodiq Bai Gani Ba

Duk manomin da injin ban ruwansa ya taɓa tsayawa tsakanin Zauro da Augie ya san shagon Alhaji Sodiq Olatunji a Birnin Kebbi. Yana saurayi ya taho daga Ogbomosho, ya zauna, har bakinsa ya koma na Kabawa. Shekara talatin bai rufe shagon nan ba sai ranar Sallah. Matarsa Wuraola takan ce shagon ne uwargida.

Da ƴarsu Rukayat ta gama karatun aikin gona a Indunusiya, ta matsa sai sun zo. Tafiyar ta faɗo tsakiyar noman rani, lokacin da ciniki ya fi zafi. Da ƙyar ya yarda, ya bar wa ƙaninsa Mayowa makulli.

Bayan bikin yaye ɗaliban, Rukayat ta kai su tsibirin Bali, suka hau mota zuwa tsaunukan Kintamani. Hanya ta yi ta nannaɗewa tsakanin gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala. Suka tsaya wani ƙauye mai ƙofofin dutse sassaƙaƙƙu, mata na wucewa da kwandunan furanni a ka. Wuraola ta shiga cikinsu. Ba mai jin yaren wani, amma sai dariya suke yi. Shi kuwa yana mota, waya a kunne, Mayowa na neman wani bututu da ya rasa inda yake.

Da suka kai inda ake hango Batur, dutsen nan mai aman wuta, da tafki kwance a gindinsa, Wuraola ta fita ta leƙa, ta dawo da sauri tana haki.

"Baban Rukayat, taho ka ga ikon Allah! Ƙasar baƙa ƙirin, kamar an toya ta."

"Ina zuwa."

"Mi kake yi haka? Ka aje wayar nan mana."

"Na ce ina zuwa!"

Sai ta koma ita kaɗai.

Sai da aka gano bututun ya fito. Kafin nan gajimare ya sauko ya lulluɓe komai, ko bakin hanya ba a gani sosai. Suka jira awa guda cikin sanyi, bai yaye ba. Wuraola ba ta yi masa gori ba. Ta riƙa nuna masa da hannu: nan dutsen yake, can tafkin.

Wata takwas da dawowarsu ta kwanta ciwon kwana uku, ta rasu.

Rukayat ta turo masa hotunan ranar, guda sittin da ɗaya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu shi ko a guda. Da ta ce ya zo su sake hawa tsaunin, sai ya ce, "A'a, ƴata. Wadda ta kira ni ba ta nan."

Yanzu da la'asar yake rufe shago. Yakan tuƙa har Argungu ya zauna bakin gulbi, in wayarsa ta yi ƙara ya bar ta a aljihu.