Tukwane Arba'in na Baba Mai Fure

Kafin a buɗe tagar karɓar kati a asibitin yara, Baba Mai Fure ya riga ya zagaya barandar jira sau biyu. Shekara ashirin da shida haka yake. Zai jingine kekensa a gindin famfo, ya naɗe ƙafar wando, ya tsoma yatsa cikin ƙasa ya ji danshinta, sannan ya ɗebo ruwa. Ba ya kwarara shi. Da wani gwangwani da ya huhhuda da ƙusa yake yayyafawa. Daga nan sai ya bi ragar ƙarfen da ta kewaye barandar, yana ɗora kan kowane reshe inda zai kama, kamar mai koya wa yaro tafiya.

Masu littafi suna ce wa furen nan nastashiyam, mu iyayen yara kuwa ja-mai-hawa muke kiransa. Ganyensa kamar tafin hannun jariri, furensa ja wur da 'yar wutsiya a baya. Shi ya rufe ragar yamma, inda rana ke dukan benci tun daga azahar. 'Yata tana da sikila, shekararta huɗu, duk wata muna kan bencin nan, wani lokaci har awa huɗu. Duk uwar mai sikila ta san abin da zafi da ƙishi ke jawo wa ɗanta. Don haka ni ba kwalliya na ɗauki furen nan ba. Inuwar 'yata ce.

Baba ba ya wuce ta bai tsokane ta ba. “Uwata, yau ma ba ki kawo mini goro ba? To na fasa ba ki fure.” Sai ta murguɗa baki, shi kuma ya tsinko ɗaya ya soka mata a kitso.

Babbar Nas, wadda ta fi kowa daɗewa a asibitin, ita ta ba ni labarin yadda inuwar ta samu. Da iri bakwai Baba ya fara, wani likita da ya bar aiki ya ba shi a ambulan. Irin nan taurin kai gare shi. Sai an jiƙa shi kwana guda, a zuba shi cikin yashi mai danshi, a sa a firji sati shida, don ba ya farkawa sai ya ji sanyi ya wuce ta kansa. Nas-nas suka ba shi lungu a firjin da suke ajiye ruwan sha. Bayan nan a shuka a tukunya, a ajiye a inuwa, a yi ta jira. Wani ya tsiro bayan wata uku, wani sai ya shekara. Fure kuma sai a shekara ta uku. Cikin bakwai ɗin nan biyu suka yi, da su ya rufe baranda guda.

Akwai kuma abin da duk mai zuwa asibitin ya sani. Idan zafi ya tsananta, ja-mai-hawa yakan bushe ƙayau, ya koma kamar zare a jikin raga. Hutu yake yi, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. A watannin nan Baba yakan ɗaura tsofaffin tabarmi a ragar, har ganye ya dawo.

A daidai wannan lokaci aka kawo sabon manaja. Ya zo da takalmi mai ƙyalli da littafi a hammata, ya ga busasshen reshe da tabarmi, ya leƙa bayan ɗakin magani ya ga tukwane arba'in a jere, babu komai a cikinsu sai ƙasa. Masu shara biyu suna tsaye aka yi maganar.

“Baba, me ake shukawa a nan? Iska?”

“Ranka ya daɗe, iri ne a ciki. Bai tashi ba tukuna.”

“Tun yaushe?”

“Wata biyar ke nan.”

Manaja ya yi dariya har da riƙe ƙugu. “Wata biyar kana shayar da ƙasa! Ko ƙwai ne da ya ƙyanƙyashe.”

“A yi masa haƙuri, ranka ya daɗe. Na jikin ragar ma barci yake.”

“Kai ma barcin kake, Baba. Je ka ƙarasa a gida.”

Bayan kwana uku aka ba Baba takardar sallama. A ciki aka rubuta cewa ba ya aikin komai. Babbar Nas ta shiga ofis ta yi magana, aka ce mata ta tsaya ga allurarta. Aka kira leburori suka tone saiwoyin shekara ashirin da shida, suka malala siminti a wurin. Tukwanen kuma aka kwashe a baro aka juye bayan ɗakin janareta.

Ranar da na dawo da 'yata na tarar da raga tsirara, benci ya yi zafi har ba a iya dafa shi. Iyaye mata sun cunkushe a lungu ɗaya, kowa na kare ɗanta da mayafi. Kafin a kira lambarmu leɓen yarinyar ya bushe, ta fara riƙe gwiwa tana kuka. Kwana biyu muka yi a gado. Ban ce simintin kaɗai ya kwantar da ita ba, amma ni na zauna a ranar nan, na san abin da na gani. Mutum ya zo jiya, bai tambayi uwa ko ɗaya ba, bai taɓa zama a bencin nan minti goma ba, ya kori dattijo da sunan rago! Rago ne zai jira ƙwayar iri shekara guda?

Kai ne, Baba, ka san saiwar tana son inuwa, kan kuma yana son rana, ka jera fasassun tukwane a gindinta don ta yi sanyi. Kai ne ka cire duk wata waya mai tsini daga ragar saboda yatsun yaranmu, ba wanda ya sa ka. Mai haƙurin dafa dutse, sai ga shi an ƙwace maka romon.

Wata huɗu bayan haka, ruwa ya sauka. Mun fito daga ganin likita, 'yata ta fizge hannunta ta nufi bayan ɗakin janareta. Na bi ta ina faɗa. Sai ta tsuguna ta nuna da yatsa: “Mama, ga hannun jariri.” A kan tulin ƙasar da aka zubar, tsakanin fasassun tukwane, tsiro ne siriri kamar zare, kowanne da ɗan ganyensa. Na ƙirga goma sha tara.

Babbar Nas ta kira Baba a waya. Ya zo a kekensa, da cokali a aljihu. Ya durƙusa ya shiga ɗago su ɗaya bayan ɗaya da ƙasarsu. Manaja ya zo wucewa, Babbar Nas ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: “Ranka ya daɗe, zo ka gani, ƙwan ya ƙyanƙyashe!” Ya dubi tulin, ya dubi agogonsa, ya wuce.

Na ce, “Baba, ka bi shi ka ce ya janye takardar nan mana.”

Ya ce, “'Yata, riƙe mini wannan, kar iska ta bugi saiwar. Takarda ba ta bushewa, wannan kuwa yanzu sai ya mutu.”

Shi ya haƙura, ni ban haƙura ba. Takardar tana nan a fayil ɗinsa, tana cewa ba ya aikin komai, kuma ƙarya take. Mu iyaye goma sha tara muka raba tsiron, kowa da tukunyarta a gida, Baba na zagayawa yana duba mana. Mun rubuta wa hukumar asibiti abu biyu: a janye takardar, a fasa simintin. Duk wadda ta taɓa shayar da ɗanta a inuwar nan, takardarmu na wurin Babbar Nas, ta je ta sa hannu. Ku kuma masu riƙe da ofis, kafin ku juye tukunya, ku tambayi wanda ya shuka.

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka inuwa kamar yadda ka yi wa 'ya'yanmu. Namu tsiron ya kai tsawon hannu, ya kama igiyar da ka ɗaura masa a taga. Kullum da safe uwarka tana shayar da shi da gwangwanin da ka huda mata. Ta ce in gaya maka, in ya yi fure ita za ta tsinko na farko ta kai maka, kuma wannan karon kai za ka kawo goron.