Satur ɗin da na hana ƙanena

Ni maƙeri ne a Kasuwar Umdurman, a Sudan. Wuƙa nake yi, da gatari, da satur, wato babbar wuƙar nan ta saran ƙashi. Sana'ar babanmu ce, shi lauje yake ƙera wa 'yan aikin gona a yankin Jazira kafin mu tattaro mu dawo birni. Karatu ban yi nisa ba. Fim kuwa sau ɗaya na taɓa zama na kalla har ƙarshe, kuma shi ne har yau bai sake ni ba.

Ƙanena ne ya ja ni. Kwandasta ne, a motocin Jabal Awliya yake kiran fasinja a tashar Suk al-Arabi, ga aure ya yi har da 'ya ɗaya, amma son kallo bai bar shi ba. Lokacin sojoji sun daɗe a kan mulki, gidajen silima sun zama kango, sai ɗakunan bidiyo a lungu. Wata Juma'a bayan an sauko ya same ni a gida.

"Yaya, tashi mu je ka ga aikinka a talabijin."

"Aikina yana maƙera."

"Wallahi har Turawa satur suke faɗa da shi. Zo ka gani ko sun kai ka iya wasa baki."

Ɗakin kwano ne, zafi kamar bakin zuga. Fim ɗin na Turawan zamanin da ne. Wasu sun sauka daga jirgin ruwa da ƙunshin kayansu, waɗanda suka tarar a garin suka ce ba za su zauna ba. Sai sara. Ba na jin abin da suke faɗa, kuma ni duk kamarsu ɗaya a idona. Na riƙa tambayarsa, wannan baƙo ne ko ɗan gari? Shi kuwa ya san kowa, ya kalla ya fi a ƙirga. In baƙi suka yi nasara sai ya daki cinyata.

"Ka ga namu nan, Yaya."

"Naku a ina? Kai ka taɓa ganin jirgin ruwa?"

Ya yi dariya, amma na gane inda ya dosa. A tashar akwai rigima a ƙasa. Wasu samari 'yan tsofaffin gidajen Umdurman sun ce layin nasu ne tun kafin 'yan Jazira su san hanyar Khartum. Su ma fa kakanninsu daga yamma suka zo kamar namu, a hanyar hajji suka yada zango. Wasunsu ma suna jin Hausa, ba sa dai so a ji ta a bakinsu. Kullum ana cacar baki a kan wa zai fara lodi.

Da layya ta matso aiki ya yi mini yawa, kowane gida na son sabuwar wuƙa. Ina cikin wasa wani satur sai ƙanena ya zo ya tsuguna kusa da dutsen wasan.

"Yaya, ka ba ni ɗaya."

"Ragon naka yana ina?"

"Ba yanka zan yi ba. Su gani kawai a ƙuguna. Sun ce kada su sake ganinmu a layi."

"To kada ka je."

"In ci me? In ba yarinyar nan me?"

Babanmu yana da doka, maƙeri ba ya ƙera wa jininsa abu mai kaifi. Ko wuƙar girkin Inna a wurin wani maƙerin yake sayowa. Bai taɓa gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na tuna masa da wannan. Gaskiya kuma na ji daɗin samun dokar, don a lissafina in ba shi da ƙarfe zai ji tsoro ya zauna a gida.

"Baba ya rasu, Yaya."

"Dokarsa tana nan. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi, ya karkaɗe jallabiyarsa, ya ce in gaida gida. Bai je wurin wani maƙerin ba. Da ya je layinmu na maƙera da na ji.

Da rana tsaka aka yi abin a tashar, a gaban mutane, tsakanin motoci. Waɗanda suka gani sun ce bai kai shan shayi ba aka watse. Shi kaɗai aka bari a kwance. Kafin in haye gada in isa Khartum ya cika.

Bayan sadakar uku aka kira ni ofishin 'yan sanda. Wani mai igiya biyu ya ajiye satur ɗin da aka sare shi da shi a kan tebur, ya nuna ɗigo ukun da ke gindin ƙota. Tambarin babanmu ne, ni nake buga shi. Ya ce nawa ne? Na ce nawa ne. Ya ce wa na sayar wa? Na ce rabin Umdurman. Ya juya ya gaya wa abokin aikinsa da Larabci cewa Fallata ne suka sari ɗan'uwansu Fallata, ba wani abu ba ne. Haka suke kiran duk wanda asalinsa daga yamma yake. Shi ma bai iya raba baƙo da ɗan gari ba.

Inna ba ta tambaye ni wa ya yi ba. Abin da ta tambaya shi ne, da me ya je? Na ce hannunsa kawai. Ta ce haka babanku yake so. Ban san ko yabo ne ba.

Na sha juya maganar. Da na ba shi, wataƙila su ja baya, wataƙila kuma shi ne zai kwantar da ɗan wani. 'Yarsa a gidana ta girma, ba ta san ya taɓa roƙona komai ba. Wani lokaci ina wasa ƙarfe sai in ji kamar an tsuguna kusa da dutsen, ba na waiwayawa.

Har yanzu in layya ta zo ina ƙera satur. Duk wanda ya zo saye sai na tambaye shi me zai yanka. Kowa rago yake ce mini.