Rassan da Nasiru Ya Bari a Firij

Ina zaune a wani shagon mamak, irin gidan shayin nan na Malesiya, a Setapak bayan azahar aka kira ni, wai Dakta Nasiru ya cika a asibiti. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shayin da aka kawo mini a nan ya huce.

Tare muka zo Kuala Lumpur karatun aikin gona, ni a kan tumatir, shi a kan guzberi, wani ɗan itace mai ƙaya na ƙasashen sanyi. Zan faɗi abin da ba a saba faɗa a ta'aziyya ba: na yi shekaru ina jin kishin mutumin nan. Idan ya yi magana malamai sai su gyara zama. Idan ni ne, agogo suke dubawa. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Irin da ya zaɓa ƙanƙara ba ta kashe shi, farar fumfuna ba ta cika kama ganyensa ba, 'ya'yansa kuma daga kore mai tsami suke juyawa ja mai zaƙi. Amma ba ya toho sai ya yi makonni yana barci cikin sanyi. Burinsa ya kai wa manoman Mambila. Na sha ce masa, "Haba Nasiru, ka rasa abin nazari a garin da gumi ke bin mutum har masallaci sai ɗan ƙanƙara?" Yakan yi murmushi ya ce, "Kabiru, shi wannan sanyi ne abincinsa. Ka hana shi, ya hana ka 'ya'ya."

To, ni na hana shi. Da gurbi ɗaya ya rage a ɗakin sanyaya tsirrai na sashenmu, na riga shi nema, alhali tumatirina ba ya bukata. Wallahi don kar ya samu ne kawai. Sai ya naɗe rassansa a jiƙaƙƙiyar jarida, ya cusa su a firij ɗin gidansa a Sri Petaling, kusa da attaruhun matarsa, Maman Iman. Idan ta yi ƙorafi yakan ce, "Ki yi haƙuri, baƙi ne, ba su saba da zafinmu ba." Rassan da suka farka suka yi toho yakan hau bas ya kai su gonar wani tsoho a tsaunukan Cameron masu sanyi, nan cikin Malesiya.

Ranar sadakar uku Maman Iman ta miƙo mini kula cike da ƙanƙara, da ɗaurin rassan a ciki. Ta ce, "Malam Kabiru, gida za mu koma, za a kashe firij. Ya ce kai kaɗai ke da wurin ajiye su." A jikin ɗaurin akwai takarda da rubutunsa: "A ba Kabiru. Gurbin nan nasa dama babu komai a ciki."

Ashe ya sani. Duk shekarun nan ya sani, yana gaishe ni da fara'a. Ko a wannan ma ya fi ni, kuma har yau abin yana min zafi.

Rassan suna gurbin yanzu, sunansa ne a jiki ba nawa ba. In Allah ya kai ni, da hannuna zan kai su Mambila.

Allah ya jiƙan Nasiru, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Maman Iman da Iman haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe mini, don ban samu na roƙe shi gafara ba.