Jirgin da Ya Iya Sauka

A wani ɗan shago a PZ, wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba, wani dattijo mai gyaran rediyo yana zaune, tabarau ɗaure da zare a ƙeyarsa. A cinyarsa akwai ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake tuƙawa da rimot. Yana liƙa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin ciki, mai yin ƙara in ƙasa ta matso, don kada ya sauka da hanci.

Ya ɗaga jirgin, fiffike ya bugi silin. Ya sauko da shi sannu a hankali, na'urar ta yi ƙara.

Maƙwabciyarsa mai sayar da atamfa ta leƙo. "Baba Mordecai, yaushe za ka kai shi fili?"

"Ran Lahadi, in Madam ta samu sauƙi."

Da alama Lahadin nan ta daɗe ba ta zo ba, don tayoyin ko ƙasa ba su taɓa ba. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Jirgin ya ƙware a sauka, amma bai taɓa tashi ba.