Ranar da Na Tsayar da Surukina a Bakin Tabki

Ni mutum ne mai son mazari, ƙwaron nan mai shawagi a bakin ruwa, kuma ban taɓa jin nauyin faɗa ba. A Tawa kowa ya saba da ni. In an tashi daga lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, sai in rataya na'urar hoto in hau moto in nufi bakin ruwa. Abokan aiki sun yi dariya har sun gaji sun bar ni. Amma a ƙauyen su matata, can bayan Barmu inda duwatsu suka kewaye wani ɗan tabki, ni suruki ne, suruki kuwa ba ya kwanciya rub da ciki a laka saboda ƙwaro.

Mahaifin matata dattijo ne mai ƙarancin magana. Tun da na auri ƴarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi nakan tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa in gaishe shi, in tashi in ba shi wuri. Da labarin hotunana ya kai kunnensa, abin da ya ce wa ƴar tasa kawai shi ne, "Mijinki dai ba shi rasa abin yi." Maganar nan ta daɗe tana cina, don ina son dattijon ya ɗauke ni cikakken mutum.

Wata kaka muka je gaisuwa. Bayan sallar asuba na sulale na hau dutse, na gangara bakin tabkin. Na yi shekaru ina neman abu guda. Mazari a cikin ruwa yake girma, wani mummunan ƙwaro mai launin laka, sai ranar da zai yi fiffike ya hau kara, bayansa ya tsage, ya zaro jikinsa. Na sha tsintar ɓawon da ya bari, ban taɓa riskar fitowar ba. Ran nan na riska. Ga shi maƙale a jikin wata ciyawa daidai mashaya, kai da ƙirji sun fito, yana reto. Ban san lokacin da na zube a laka da sabuwar rigar gaisuwa ba.

Ina cikin ɗauka na ji ƙarar kofato a kan tsakuwa. Hanya ɗaya ce ke saukowa tsakanin duwatsun, kuma a kan ciyawar nan take ƙarewa. Na waiga. Shanu ne, a gabansu surukina da sandarsa.

Abin da ya kamata sananne ne: in miƙe, in durƙusa, in kauce. Amma fiffiken bai ko miƙe ba, kofato ɗaya zai gama da shi. Sai na ga hannuna ya ɗaga da kansa, tafi a buɗe, yadda nake tsayar da ɗalibi mai surutu. Na ce, "Baba, dakata."

Ya tsaya. Ya gicciya sanda, shanun ma suka tsaya suna huci. Ya dube ni daga kai har ƙafa, sannan ya tako a hankali ya tsuguna kusa da kafaɗata.

"Mi kaka kallo?"

Na nuna da yatsa. Muka zuba ido mu biyu. Ƙwaron ya janyo jelarsa, fiffiken da ke cukuikuye ya riƙa warwarewa har ya zama garau. Rana ta leƙo ta bayan dutse, ya girgiza ya tashi. Na samu hotunan da ban taɓa samun irinsu ba, amma daɗin bai shige ni ba. Dattijo ya miƙe ya kaɗa shanunsa ruwa, ya bar ni nan a laka.

Da na koma gida matata ta ga rigar, ta ji labari, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Baba ka ɗaga ma hannu? To Allah shi kyauta." Nan na fara tunanin wanda zan roƙa ya ba shi haƙuri.

Bayan la'asar aka ce yana kirana. Na tarar da shi a ƙofar gida cikin dattawan gari. Na tuɓe takalmi na durƙusa can gefe, kaina a ƙasa.

Ya ce musu, "Wanga na yat tsaida ni da hannu guda, ni da shanuna." Dattawan suka juyo gare ni. "Tun ina yaro nika shayaswa a tabkin ga. Da bai tsaida ni ba, da na mutu ban ga abin da nig gani yau ba."

Sai ya matsa gefe a kan buzunsa, ya buga wurin da tafin hannu.

"Taho ka zamna nan, ka gwada musu."

Na tashi na je na zauna, gwiwata tana taɓa tasa, na kunna na'urar.