Kujerar Wakiliyar Mata

Babu al'ummar da ta taɓa ci gaba a doron ƙasa ba tare da rubutaccen kundin tsarin mulki ba. Na karanta wannan magana, na koyar da ita a aji, kuma shekarun baya na aikata ta da hannuna. Ni na rubuta wa ƙungiyar ci gaban layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi nata kundin, shafi huɗu cur, a bayan takardun jarrabawar da suka yi saura.

Ruwa ne ya sa aka kafa ƙungiyar. Duk damina sai ya shiga gidaje shida na ƙarshen layi, har da namu. Aka ce a haƙa lambatu, a kafa kwamitin da zai yanke ta inda zai bi. Da yake ni ne malamin makaranta, aka naɗa ni sakatare, aka ce in tsara dokoki. Sashe na uku ya ce ɗan kwamiti sai ɗan asalin unguwa, kuma asalin mutum yana bin na mahaifinsa. Sashe na biyar ya ce matar aure tana bin mijinta. Sashe na bakwai, wanda na fi ji da shi, ya ware kujera ɗaya ta wakiliyar mata. Na karanta a gaban jama'a, aka yi ta sa mini albarka. Babu wanda ya lura cewa na uku da na biyar ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Ni ma ban lura ba.

Matan layi suka haɗu a wani gidan suna, suka ce mahaifiyata suke so. Suna da hujja. A Tarauni aka haife ta, lokacin da wurin nan duk gonaki ne, kuma layin namu kansa a cikin gonar mahaifinta aka yanka shi. Ta san inda kududdufi yake kafin a cike shi a yi gini. Kullum aka yi ruwa takan ce, "Ruwan nan ba ɓata ya yi ba, hanyarsa yake nema. Ta bayan gidan mai injin niƙa yake bi tun ina korar tsuntsaye a gero."

Ran Asabar da hantsi na raka ta zauren shugaban ƙungiya, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Ma'aji ma yana nan. Aka gaisa, aka tambayi jikoki.

Shugaba ya ce, "Hajiya, mu ai mun san ki. Sai dai doka. Marigayi maigidanki mutumin ina ne?"

"Mutumin Gumel."

"To kin gani. Jigawa ke nan."

"Lokacin da ya aure ni Kano ne."

"Ai an raba jiha."

"Da ni aka raba?"

Ya juyo wajena. "Sakatare, me kundi ya ce?"

Na karanta sashe na biyar da murya irin ta aji. Sai idona ya faɗa kan na uku, na karanta shi a hankali. Shugaba ya tambaya wanne ne babba. Na ce uku ya riga biyar zuwa. Ma'aji ya ce amma biyar ya fi uku yawa. Daga nan aka koma kan ko matar da mijinta ya rasu tana nan tana bin sa.

Mahaifiyata ta gyara mayafi ta ce, "Alhaji, inda ya tafi yanzu ba na jin kuna so in bi shi tukuna."

Aka yi dariya, aka ce Allah ya jiƙansa. Sannan aka yanke cewa ta kawo namiji daga dangin mahaifinta ya sa hannu, ya shaida ita 'yar nan ce.

Yayyenta da ƙannenta maza duk sun rasu. Namiji ɗaya ya rage, ɗan ƙanenta, bakanike a Kaduna, can aka haife shi, zuwansa Kano bai wuce biyu ba. Sai da muka yi sati uku muna waya kafin ya samu sarari. A cikin kwanakin nan ne ta tsare ni a tsakar gida. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, Malam take ce mini, kuma idan ta ja kalmar na san akwai magana.

"Malam, wai wanda na je Kaduna na yi wa wankan jariri, shi zai gaya musu inda aka binne cibiyata?"

"Inna, tsari ne kawai."

"To kai ɗan ina ne a takardar taka?"

Bisa sashe na uku ni mutumin Gumel ne, garin da kwanana a cikinsa bai kai biyar ba. Shi kansa shugaba aiki ne ya kawo shi Kano. Babu wanda ya taɓa tambayar mu ko da tsinken takarda.

Ranar da shaidar ya zo, mai adaidaita sahu ya sauke shi a Unguwar Gano. Ya taka ya ɓulla Babban Giji, ya kira waya. Mahaifiyata ta karɓa tana yi masa kwatance da tsamiyar da aka sare tun kafin a haife shi. Sai da na hau mashin na je na ɗauko shi. A hanya ya leƙo ta kafaɗata.

"Yaya, me zan ce musu?"

"Cewa za ka yi ka san ita 'yar nan ce."

"To. Nan ɗin ya sunansa?"

Na faɗa masa sau biyu. Ya sa hannu a zauren shugaba, sa hannu mai kyau, har da lanƙwasa a ƙasa.

Shugaba ya duba takardar ya ce masha Allah, komai ya cika. Sai dai damina ta matso, kwamiti bai iya jira ba. Tun satin da ya wuce aka ba telan bakin layi kujerar matan riƙon ƙwarya, tunda duk layin babu wanda ya kai shi sanin abin da mata suke so. An kuma riga an yanke hanyar lambatu: ta gaban masallaci, miƙe sambal, don ya fi kyan gani.

Mahaifiyata ta karɓi takardarta, ta ninke ta gida huɗu, ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Muka koma gida. A soro ta ce, "Malam, ka ɗora mini buhun masarar nan a kan benci kafin ruwa ya zauna."

Daminar nan sabon lambatu ya sha hutu. Ruwa ya bi ta bayan gidan mai injin niƙa, ya shigo ɗakinta har gwiwa. Masarar dai ta tsira. Shekara ta zagayo aka haƙa na biyu daidai inda ta faɗa, kuma tun daga nan ba mu sake kwashe ruwa ba. A littafin taro an rubuta cewa tela ne ya kawo shawarar, bayan ya ji ta daga masu kawo masa ɗinki. Rubutun hannuna ne.

Har yau idan na tuna, na kasa gane wanda zan ɗora wa laifi. Babu wanda ya ɗaga mata murya. Kowa Hajiya yake ce mata, kowa ya rusuna ya gaishe ta. Na sha karanta labarin matan wasu ƙasashe masu nisa da aka mayar baƙi a ƙasar iyayensu, ina girgiza kai ina jan layi da jan biro, ban taɓa zaton ana iya yin haka da ladabi, a zaure, da shafi huɗu ba. Na yi ƙoƙarin a soke sashe na biyar, aka nuna mini sashe na tara, wanda ya ce gyara sai da amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan asalin unguwa. Shi ma ni na rubuta shi.

Takardar tana nan a ƙasan kwallarta, cikin leda, babu wanda ya sake nema. Tela kuwa bana shekararsa tara yana riƙon ƙwarya.